Rabin Ƙwallon Da Ke Cin Kuɗin Samarinmu

Duk wanda ya bi ta Aboabo ko Asawase ranar Asabar da yamma ya san samarin da ke duƙufe a kan wayoyinsu, ana ta maganar "handikap". A ce Kotoko za ta kara da Hearts of Oak, sai ka ga an rubuta -1.5 a gaban Kotoko. To wane ɗan wasa ne ya taɓa jefa rabin ƙwallo a raga?

A Amurka wannan lissafi ya zauna daram a wasan besbol, inda ake ƙirga maki duk lokacin da ɗan wasa ya zagayo fili ya dawo gida. Kusan kullum tazarar maki ɗaya da rabi ake sawa. Idan ka bi Dodgers a kan -1.5, sai sun ci da ratar maki 2 ko fiye kafin ka samu komai. Wanda ya bi abokan karawarsu a kan +1.5 kuwa, ko an cinye su da maki ɗaya ya ci. An sa rabin ne don kada a yi kunnen doki a mayar wa kowa kuɗinsa.

Ga inda gizo ke saƙa. Wasan turmi 9 ne, kuma masu gida ke bugun ƙarshe. In suna gaba ba sa buga rabin turmi na 9, in kuma suka wuce gaba a cikinsa, nan take wasa ya tashi. Saboda haka ƙungiya mai ƙarfi takan ci da maki ɗaya tak a gidanta, magoya baya na murna, mai tikitin -1.5 na cizon yatsa. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na wasannin babbar gasar Amurka da ratar maki ɗaya suke ƙarewa.

Sabon salo shi ne kasuwar hasashe, irin su Kalshi da ta fara harkar wasanni a 2025. A nan tambaya ake sayarwa: Dodgers za su ci da ratar 2? Mai cewa "i" ya biya santi 40, mai cewa "a'a" ya biya 60, wanda ya dace ya kwashe dala ɗaya. Farashin 40 na nufin kasuwa na ganin damar kashi 40 cikin 100 ce. Ana iya sayar da takarda tun wasa bai ƙare ba, kamfani kuma yana yankar la'adarsa. Sun ce ciniki ne, amma hukumomin wasu jihohin Amurka sun ce caca ce, kuma a ganina da gaskiyarsu. Malamanmu na Zango ma ba za su ba ta wani suna ba.

A shagunanmu yankan a ɓoye yake. In an sa 1.90 a kowane ɓangare, mutum biyu suka zuba sidi 100 kowanne, mai nasara zai karɓi 190, sidi 10 ya zauna wa mai shago ko wa ya ci. Gwamnati ta sa harajin kashi 10 a kan abin da aka ci a watan Agusta 2023, ta soke shi a 2025, samari suka yi ta shewa. Sidi 10 na mai shago kuwa yana nan yadda yake.