Arlit na Dosar Shekara 60: Sansanin da Ma'aikata Suka Mayar Gari

Tsofaffin biranenmu ba su da takardar haihuwa. Tambayi mutumin Kano ko Katsina yaushe aka sari garinsu, sai ya kai ka ga labarin kaka da kakanni. Arlit, can arewacin Nijar, ba haka yake ba. An san shekarar da aka kafa shi, 1969, kuma har yau akwai tsofaffin da suka ga wurin tun yana fili fetal, ba inuwa ba rijiya. A 2029 zai cika shekara 60, kuma ina ganin tun yanzu ya kamata a fara shawarar irin bikin da ya dace da shi, da kuma wanda za a yi wa bikin.

Asalin maganar daga Azelik ta faro. A 1957 masu binciken ƙasa na Faransa suna neman tagulla a can sai suka ci karo da yuraniyom. Hukumar makamashin nukiliya ta Faransa ta bi sawu, har ta gano ma'adinin jibge a yamma da duwatsun Abzin, kimanin kilomita 250 arewa da Agadas. Aka kafa kamfanin SOMAÏR a 1968, ya fara fitar da kaya a 1971 daga wani ƙaton rami buɗaɗɗe. A 1974 aka kafa na biyu, COMINAK, wanda Japan da Sifaniya ma suka sa hannun jari a ciki. Shi tasa haƙar a ƙarƙashin ƙasa ta kasance, zurfin mita 250, kuma ya soma aiki a 1978. Don ma'aikatansa aka gina Akokan, 'yan kilomitoci daga Arlit.

Duk abin da gari ke buƙata sai da aka kawo shi daga wani wuri. Ruwa daga ƙarƙashin hamada ake zuƙo shi, tsohon ruwa ne da ya taru tun dubban shekaru, wanda damina ba ta mayar da gurbinsa. Wuta daga Anu Araren take zuwa, kusa da Cirozerin, inda kamfanin SONICHAR ke ƙona kwal tun 1981. Hanyar kwalta ta sama da kilomita 600 da ta taso daga Tawa ta bi ta Agadas, ita ma don ma'adinin aka shimfiɗa ta a ƙarshen shekarun 1970, shi ya sa ake ce mata hanyar yuraniyom. Ta nan manyan motoci suka yi shekaru suna ɗaukar gangunan garin yuraniyom mai launin rawaya zuwa tashar jiragen ruwa ta Kwatano, daga can sai Faransa.

Abin da taswirar kamfani ba ta tanada ba shi ne mutane. An zana gidajen injiniyoyi, an zana na ƙananan ma'aikata, kowa da matsayinsa, da asibiti da kanti da wurin shaƙatawa. Amma labarin albashi ba ya tsayawa a bakin shinge. Abzinawa makiyaya, waɗanda filin nasu ne tun fil azal, farin shekarun 1970 ya cinye musu dabbobi, suka matso suka kafa bukkoki a gefen gari. Hausawa suka hauro daga Tawa da Maraɗi da Damagaram, wasu neman aikin leburanci, wasu da awo da tireda, wasu mahauta, wasu teloli. Zabarmawa da Fulani da Barebari suka zo, haka mutanen Benin da Togo da Najeriya. Cinikin kasuwa ya koma da Hausa, ana jin Tamashek a gefe, Faransanci kuma a ofis. Waɗannan da ba a gayyata ba su ne suka gina masallatai da makarantun allo, suka aurar da 'ya'yansu a tsakaninsu, suka binne iyayensu a wannan ƙasa. Ranar da aka haƙa kabarin farko, a ganina, ranar ce Arlit ya tashi daga sansanin aiki ya zama gari. Ƙidayar 2012 ta samu kusan mutum dubu 80 a cikinsa.

Shekarun daɗin ba su yi tsawo ba, amma sun yi daɗi. A 1981 abin da Nijar ta haƙo ya haura tan 4,000, kuma yuraniyom ne fiye da kashi biyu cikin uku na kuɗin da ƙasar ke samu daga waje. Da wannan kuɗi gwamnatin Seyni Kountché ta tayar da manyan gine-gine a Yamai. A Arlit kuwa wuta ba ta ɗaukewa, kantuna cike da kayan Turai, har aka yi wa garin laƙabi da Faris ta biyu. Sai dai farashi ya riga ya fara karyewa tun bayan haɗarin tashar nukiliya ta Three Mile Island a Amurka a 1979, aka shiga rage ma'aikata. Idrissou Mora-Kpai, ɗan ƙasar Benin, ya ɗauki wannan laƙabi ya sa wa fim ɗinsa suna, inda ya nuna garin bayan kasuwa ta watse.

Akwai gadon da ba a son ambata a wurin biki, amma dole a ambata. A kowane tan na dutsen da aka fasa, yuraniyom ɗin da ake samu bai kai kilo biyar ba. Saura duk dusa ce mai fitar da tururi mai cutarwa, kuma a nan take zama. COMINAK kaɗai, da ya rufe ranar 31 ga Maris 2021 bayan ya fitar da kimanin tan dubu 75, ya bar tulin da ya kai tan miliyan 20. Almoustapha Alhacen, wanda shi kansa ma'aikacin ma'adinin ne, ya kafa ƙungiyar Aghirin'man don ya ga abokan aikinsa na ciwo suna mutuwa ba bayani. Shi ya jawo masu awo na CRIIRAD daga Faransa a 2003, Greenpeace kuma ta zo a 2009. Sun samu ƙarafan da suka gurɓata ana sayarwa a kasuwa, sun samu tururin ya wuce kima a wasu titunan Akokan. Duk wanda ya san yadda maƙeranmu ke mayar da tsohon ƙarfe tukunya ko ƙyauren ɗaki, ya san inda wannan magana ta dosa. Amina Weira, 'yar wani tsohon mahaƙi, ta koma garin ta yi fim a 2016, ta zaunar da mahaifinta da tsaransa suna ba da labari da bakinsu.

Wannan aikin nata shi nake so a faɗaɗa kafin 2029. Kamfanin Faransa mai haƙar ma'adinin ya sauya suna daga Cogema zuwa Areva zuwa Orano, a watan Yunin 2025 kuma gwamnatin Nijar ta sanar da mayar da SOMAÏR mallakin ƙasa. Takardun kamfani suna da masu adana su. Abin da ba shi da mai adanawa shi ne abin da ke kan dattijon da ya yi shekara talatin yana sauka rami da fitila a goshi: yadda aka ɗauke shi aiki, sunayen da suke kiran injuna da su, wanda ya koya masa sana'a, ranar da ya fara tari. Waɗanda suka shiga aiki suna samari a 1971 yanzu sun haura saba'in, da yawansu kuma sun koma garuruwansu na kudu bayan ritaya.

Ba aiki ne mai tsada ba. Ɗaliban jami'ar Agadas da wayoyin hannunsu za su iya bin su gida-gida, a Arlit da Akokan da Tawa da Maraɗi, su naɗi muryoyinsu da Hausa da Tamashek, har da na matan da suka riƙe gidajen. A ware ɗaya daga cikin gidajen ma'aikata na Akokan a ajiye hular kwano da fitila da katin aiki da tsofaffin hotuna, bayan an auna kowane ƙarfe an tabbatar ba ya ɗauke da tururi. A jikin bangonsa kuma a rubuta sunayen waɗanda suka sauka ramin COMINAK, daga 1978 zuwa ranar da aka rufe shi.