Wutar Iska da Bishiyoyinmu

'Yan uwa ɗalibai da iyayenmu, duk wanda ya yi bazara a Garwa ya san ɗaukewar wuta. Yawancin lantarkinmu daga madatsar ruwa ta Lagdo yake zuwa, wadda aka kammala a 1982 a kan kogin Binuwai. In ruwa ya ja baya, wuta ma sai ta ja. Shi ya sa muka tambayi kanmu: iskar da ke kaɗa mana ƙura da hunturu fa, ba za ta ba mu wuta ba?

Tana bayarwa. A Lambar Rimi, jihar Katsina a Najeriya, an kafa injinan iska 37 don samar da megawat 10. An faro maganar tun 2005, zamanin Gwamna Umaru Musa 'Yar'aduwa, amma aikin ya yi ta jan ƙafa, har aka sace wani injiniya Bafaranshe a wurin a 2012. Injin kamar katuwar fanka yake a kan dogon ƙarfe, sai dai ita fankar gida wuta take ci ta ba da iska, shi kuwa iska yake ci ya ba da wuta.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne lissafin. In saurin iska ya ninka sau biyu, ƙarfin da ke cikinta sau takwas yake ninkawa. Bishiya kuwa tare iska take yi, tana rage mata gudu. Don haka a Jamus, inda ake kafa injinan cikin gandun daji, sai an yi su da tsawo sosai, su zarce kan bishiyoyi. Kuma dole a sare wasu don buɗe hanyar manyan motoci da zuba kankaren gindi, sannan a dasa madadinsu a wani wuri. Ga tsuntsaye da jemagu da fikafikan ke bugewa.

To, mu nan fa? Dajinmu ya riga ya sha gatarin masu ice da gawayi, kuma darbejiyar da aka dasa bana sai ta shekara da shekaru kafin a zauna inuwarta. A ganinmu, in za a kawo injin iska arewacin Kamaru, a fara auna iskar na shekara guda, a nemi tudu ko fili fetal kamar na Lambar Rimi, a bar gandun dajin Binuwai da namominsa.