RABON KARE A WAJEN FARAUTA: A DAFA KAFIN A BA SHI

Da zarar an kau da amfanin gona, rani ya kama, sai mafarauta su fara gangami, su nausa daji da sanduna da gora da karnukansu. Bisa al'ada, idan aka kama zomo ko gada ko barewa, ana gama fiɗa sai a jefa wa kare hanji da huhu da sauran guntattakin nama. Wannan ba laifi ba ne, gama shi ya sha ƙaya da rana, kuma aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta halatta farauta da dabbar da aka horar. Abin dubawa shi ne yadda za a ba shi rabon nasa.

A jikin hanta da huhun dabbobi masu cin ciyawa akan sami wasu ƙululai masu ruwa, waɗanda likitocin dabbobi suka sha gani a jikin raƙuma a mahautan Kano da Sakkwato. Idan kare ya ci su ɗanye, sai wata 'yar tsila wadda tsawonta bai kai santimita 1 ba ta zauna a hanjinsa. Ƙwayayenta kan fita cikin kashinsa, su manne a gashinsa. Yaron da ya shafa karen, ya ci tuwo bai wanke hannu ba, yana iya haɗiye su. Ƙululun ya yi ta girma a hantarsa shekara da shekaru ba a sani ba, wani lokaci sai an yi masa tiyata.

Wannan cuta ta addabi makiyayan Turkana na ƙasar Kenya. Ita kuwa ƙasar New Zealand ta kafa doka a kanta a 1959, ta hana ba karnuka ɗanyen kayan ciki. A 2002 aka ba da sanarwar cewa ta rabu da cutar.

To, dabarar ba ta da wuya. A tafasa kayan ciki na minti 30 kafin a ba kare. Wanda aka ga ƙululu a jikinsa a ƙone shi ko a binne da zurfi. A yanke wurin da harsashi ya huda a yar, domin dalma guba ce. Tsokar da ta rage a dafa, a yanyanka siri-siri a shanya kamar kilishi, amma ba gishiri ba albasa, don albasa tana lalata jinin kare. Irin wannan busasshen nama yana da amfani wajen horar da kwikwiyo. Dafaffen ƙashi kuwa kada a ba shi, yana tsagewa ya soke hanji. Mushe ko kusa.

Ya kamata sarakunan baka su ja kunnen yaransu a kan wannan. Karen da ya shiga daji da safe, shi ne ke kwana tsakar gida tare da 'ya'ya da dare.