Yadda Ingila Ta Dunƙule

Mukan ɗauka tun asali Ingila ƙasa ɗaya ce, alhali a dā ƙananan masarautu ne masu yaƙar juna. Da mahara daga Denmak suka addabe su, Sarki Alfred na Wessex ya ci su da yaƙi a 878, jikansa Athelstan kuma ya haɗa ƙasar a 927. William na Normandi, wanda ya ƙwace mulki a 1066, ya sa aka ƙidaya filaye da dukiya a 1086 domin haraji. Henry na Biyu ya baza alƙalansa gari-gari da doka ɗaya. Da Sarki John ya wuce gona da iri, manyan ƙasa suka tilasta masa amincewa da Magna Carta a 1215, takardar da ta nuna sarki ma doka na hawansa.