Zomon da Ya Zama Najeriya

Mai karatu, ko ka san babban jirgin yaƙin sojojin ruwan Najeriya na farko aikinsa sharar nakiya ne? Sunansa na asali HMS Hare, wato Zomo. A Belfast aka ƙera shi, aka saka shi ruwa a 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu.

To, yaya ake share nakiya a teku? Akan ɗaure nakiyar da igiyar ƙarfe, ta laɓe ƙarƙashin ruwa tana jiran jirgi. Shi kuwa mai shara sai ya ja doguwar waya mai wuƙaƙe a bayansa. Da ta tsinke igiyar, nakiyar ta taso sama, sai a harbe ta daga nesa. Aiki ne na haƙuri, ba ya son garaje.

A 1959 Ingila ta miƙa jirgin ga Najeriya, aka raɗa masa HMNS Nigeria, ya zama jagaban rundunar. A 1962 aka mayar da shi, aka sassare shi.

Mu nan Mora ba teku gare mu ba, amma mun san nakiyar da ake binnewa a hanyoyin Kolofata da Waza. Halinta ɗaya da ta ruwa: ko faɗa ya lafa, tana nan tana jira. Don Allah, in ka ga ƙasa sabuwar tonuwa ko waya a hanya, kar ka taɓa. Ja da baya, ka sanar da sojoji.