Babu Zinariya a Akwatin Nan: Faɗakarwa Kan Bidiyon "Gano Dukiya da Waya"

Akwai wani irin bidiyo da ya addabi zaurukan WhatsApp da shafukan Facebook da TikTok, kuma na gaji da ganin ana yawo da shi da ƙarya manne a jikinsa. Bature ne, wani sa'in da matarsa da 'ya'yansa, yana tafe cikin daji idonsa a kan waya. Can sai ya tsaya gindin wata bishiya, ya kawar da itatuwa, ya jawo koren akwatin ƙarfe irin na sojoji, ya buɗe, yara su hau tsalle. Sai wani namu ya ɗora murya a kai: wai ga yadda Turawa ke gano dukiyar da ke binne ta hanyar tauraron ɗan'adam, wai kakanninsu sun bar irinta a ƙasarmu tun zamanin mulkin mallaka, wai akwai manhajar da in ka sauke za ta nuna maka inda zinariya take. Daga ƙarshe sai lambar waya, mai buƙata ya tuntuɓa. Jama'a kuma na ta turawa gaba, har da waɗanda ake yi wa kallon masu ilimi.

Abin da ke cikin bidiyon wasa ne, sunansa jiyokashin. Wani ya ɓoye roba ko akwati da ɗan littafi a ciki, ya sa lambobin wurin a intanet. Wani ya bi lambobin da GPS, ya nemo, ya rubuta sunansa da kwanan wata, ya mayar yadda ya tarar. Wasan ɓuya ne dai irin na yara a dandali, sai dai manya ne ke yi, filin kuma duniya ce baki ɗaya. To, mu koma kan maganar dukiya, don ita ce ke cutar da mutane.

Wasan nan ba shi da wata alaƙa da mulkin mallaka, don bai ma girmi wasu 'yan jami'armu ba. Sojojin Amurka ne suka mallaki GPS, kuma da can da gangan suke gurɓata saƙon da farar hula ke samu, har na'ura ta iya kuskure wuri da kusan mita 100. Ranar 2 ga Mayun 2000, bisa umarnin Shugaba Bill Clinton, aka daina wannan gurɓatawa, kuskuren ya sauko zuwa kimanin mita 10. Washegari wani masanin kwamfuta mai suna Dave Ulmer ya so ya gwada ko da gaske ne, ya ɗauki baƙin bokiti ya ajiye a dajin Beavercreek da ke jihar Oregon, ya sanar da lambobin wurin. Me ya zuba a ciki? Littattafai, kaset ɗin bidiyo, manhajar kwamfuta, danƙon harbin tsuntsu, 'yan kuɗi kaɗan, da gwangwanin wake. Wake, jama'a! Wannan ita ce "taskar" farko. Wani Mike Teague ne ya fara nemo ta. Ranar 2 ga Satumban wannan shekara Jeremy Irish ya buɗe shafin Geocaching.com da ɓoyo 75 kacal. Yau sun haura miliyan 3 a ƙasashe sama da 190, Amurka ce kan gaba, Jamus na biye, har a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa akwai wanda wani Richard Garriott ya bari a 2008.

Yanzu don Allah mai karatu ka yi tunani. Wane mai hankali ne zai ɓoye zinariya sannan ya buga adireshinta a shafin da kowa zai iya buɗewa kyauta? Akwai wani ɓoyo da ake kira Mingo a jihar Kansas, tun watan Mayun 2000 yake wurin, dubban mutane sun je sun sa hannu sun tafi. Da akwai abin arziki a ciki, ai da na farkon ya gama da shi.

Abin da ake samu a irin waɗannan akwatuna tarkacen yara ne: 'yar motar roba, maƙalin makulli, sitika, ƙwallon gilashi. Ƙa'idar ita ce in ka ɗauki abu ka ajiye wani mai daraja kamarsa ko fiye. Da yawansu ma ba sa cin komai sai 'yar takarda a naɗe, don akwai wanda bai wuce kan ɗan yatsa ba, an manna shi da maganaɗisu a bayan allon hanya. Koren akwatin da ke ruɗar mutane kuwa tsohon akwatin harsashi ne da ake sayarwa a gwanjon kayan soja. Suna son sa ne don ruwa ba ya shiga. Gaskiya ne wasu masu ɓoyo kan ajiye 'yar kyauta ga wanda ya riga kowa zuwa, wani lokaci har ɗan canji, amma ba abin da zai biya kuɗin man da mutum ya ƙona ba ne.

Sai batun tsabar da ke ƙyalli, wadda masu ɗora murya ke cewa dinare ne. Ƙarfe ne aka yi wa fenti, aka buga masa lamba. Tun 2001 aka fara yin irinsu. Mai ita yakan rubuta burinsa, misali yana son tsabar ta je Japan ta dawo. Wanda ya tsince ta sai ya shigar da lambar a shafi, ya kai ta wani akwatin na gaba. Amana ce ke tafiya hannu zuwa hannu, wanda ya riƙe ta ya ƙi saki kuma ɓarawo suke ɗaukarsa. Kallon kitse ake yi wa rogo.

Babbar ƙaryar ita ce wai waya na gani cikin ƙasa. Taurarin GPS suna can sama da nisan kimanin kilomita 20,200, ba abin da suke yi sai watso saƙo mai ɗauke da lokaci da inda suke. Wayarka tana sauraren aƙalla huɗu daga cikinsu, ta lissafa tsawon lokacin da saƙon kowanne ya ɗauka kafin ya iso, daga nan ta gane inda kake tsaye. Iyakar aikin ke nan. Ba ta aika komai cikin ƙasa, ba ta san zinariya ba. Saƙon ma rauni gare shi: shiga ƙarƙashin rufin kwano ko tsakanin dogayen gine-gine ka ga yadda ɗigon da ke taswira zai riƙa tsalle. Abin da rufi ke dame shi, shi ne zai huda ƙasa? Wayar Baturen nan ta kai shi wurin ne don wani ɗan'adam ya riga ya rubuta lambobin. Ko da hakan ma, tana kai shi kusa ne kawai, sauran mitocin da idonsa da hannunsa yake lalube, wani lokaci ya shafe awa guda ya koma gida bai samu ba. Wannan ɓangaren ne ba a sawa a bidiyo.

Kuma ma an hana binnewa. Bokitin Ulmer an ɗan tura shi cikin ƙasa, amma dokar wasan ta yanzu ba ta yarda a haƙa rami ba, ko don ɓoyewa ko don nema. Duk wanda ka gani da shebur da diga, ba wannan wasan yake yi ba. Na'urar da masu neman zinariya suka riƙa yawo da ita a Djado, arewacin Nijar, bayan da aka gano zinariya a can a 2014, wata aba ce daban mai faifai da sanda, ita ma ƙarfen da ke kusa da saman ƙasa take ji. Babu manhajar da za ta mayar da waya wannan na'ura, balle ta nuna maka tukunyar da ke ƙarƙashin tsauni.

Abin da ke ba ni haushi shi ne ba yau aka fara ba. A 2009 aka yi ta rububin tsofaffin kekunan ɗinki na Singer a Saudiyya, wai akwai jan makyuri a ciki, har ana kara waya kusa da allura a ga ko sabis zai ɗauke. Har yau ba wanda ya fito da ɗigo ɗaya. Mu ma nan mun sha jin an tumɓuke bikon da 'yan safiyo suka kafa, wai Bature ba ya zuba siminti a banza, alhali alamar awon ƙasa ce, cire ta kuma rikicin iyaka yake haifarwa tsakanin maƙwabta. Matashi ya sayar da babur ɗin da yake ci da iyali ya tura wa wanda bai taɓa gani ba kuɗin "rajistar manhaja". Wani ya shiga rami ƙasa ta rufta masa. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Kai kuma da ka tura bidiyon ba tare da bincike ba, kana da kamasho a cikin alhakin, ko ka sani ko ba ka sani ba. Mu ji tsoron Allah da yatsunmu. A wasan nan ma kuɗi daga aljihun ɗan wasa yake fita: mai son ƙarin dama a manhajar shi ke biyan kamfanin Groundspeak da ke Seattle, ba a biyan kowa don ya samo akwati.

Masu cewa leƙen asiri ne ko tsafi, littafin sa hannu da fensir ne a ciki, su buɗe su gani.

To me 'yan wasan suke samu? Yini guda a waje. Iyali su fita da safe da ruwa da guzuri, su taka ƙasa, yara su koyi karanta taswira da haƙurin nema, a gano wani rafi ko tsohon gini da aka shekara ana wucewa ba a lura ba. Turawan Ingila ma tun 1854 suke irin wannan a tsaunukan Dartmoor, lokacin da wani ɗan jagora James Perrott ya ajiye kwalba don baƙi su riƙa saka katinsu. Tun 2002 kuma 'yan wasan ke da al'adar tafiya da leda suna kwashe sharar da suka tarar a hanya. Wannan kam da mun kwaikwaya.

Ga ɗalibanmu da 'yan'uwa mazauna Turai da Amurka da ke sha'awar gwadawa, a fara da mai sauƙi. Kowane ɓoyo yana da maki daga 1 zuwa 5 na wuyar nema, da wani makin na wuyar hanya. Mai maki 5 a wuyar hanya na iya buƙatar igiyar hawa dutse ko kwalekwale, ba na sabon shiga ba ne. Karanta abin da waɗanda suka je kwanan nan suka rubuta, in mutum uku a jere sun ce ba su gani ba, wataƙila an ɗauke. Cika waya da caji, ka riƙe abin ƙarin caji, don GPS na shan batir, ka kuma sauke taswira tun kana gida saboda inda babu sabis. Tafi da biro naka. Sa takalmi rufaffe da dogon wando, in ka dawo ka duba jikinka, domin kaskar dazukan can na ɗauke da cutar Lyme. Faɗa wa wani inda za ka da lokacin da za ka dawo, ka lissafa lokutan salla cikin tafiyar, ka tuna rana na saurin faɗuwa lokacin hunturu. Kada ka bi kibiyar waya ido rufe. Ita miƙe take nunawa, ba ruwanta da kogi ko rami ko shingen gonar wani. Kada ka shiga magudanar ruwa ko da an ce akwatin na ciki: a watan Yunin 2018 ambaliya ta rutsa da 'yan wasa huɗu a wata magudanar ƙarƙashin ƙasa a birnin Prague, biyu suka rasu. In ɗan sanda ya tambaye ka, ban da kame-kame, nuna masa manhajar ka yi bayani.

Ga na gida kuwa, maganar ta fi nauyi. Irin waɗannan ɓoyo ba su da yawa a ƙasashenmu, kuma ina roƙon matasa kada ɗoki ya sa wani ya je ya cusa roba ƙarƙashin gada ko kwalbati. Dokar wasan kanta ta hana ajiyewa kusa da barikin soja, filin jirgin sama, layin dogo da makarantu, ta wajabta izinin mai wuri, ta sa tazarar mita 161 tsakanin ɓoyo da ɓoyo, ta hana saka abinci, makami ko ƙwaya, kuma sai masu tantancewa sun duba kafin a wallafa. Duk da haka, a garin Wetherby na Ingila a 2011 an ga wani yana ajiye roba a kan titi, aka rufe tsakiyar garin na sa'o'i, sojoji masu kwance bam suka zo suka tarwatsa ta. Can ke nan, inda ake tsayawa a yi tambaya. A nan, da halin tsaron da muke ciki, baƙon da aka gani yana leƙe-leƙe da waya a gindin gada yana iya rasa ransa a hannun taron jama'a kafin ya buɗe baki.

In malamin makaranta ko shugaban ƙungiyar matasa na son yara su amfana, hanya a buɗe take ba tare da kasada ba. A yi shi cikin harabar makaranta ko filin da aka sani, da rana, bayan an sanar da mai unguwa da 'yan sintiri. A yi amfani da roba mai haske da ake ganin cikinta, a rubuta a jiki da Hausa cewa kayan wasa ne, a kwashe duka kafin magariba. A fita da sassafe kafin rana ta take, kowane yaro da gorar ruwansa. Kada yaro ya zura hannu cikin rami ko ƙarƙashin dutse, a fara taɓawa da sanda, saboda kunama da kububuwa; in an yi sara kuma asibiti za a nufa kai tsaye, ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗaure ƙafa tamau. Dazukan da aka san babu lafiya a bar su, babu wasan da ya kai ran mutum. Wuraren tarihi irin su Dala da Kufena da abin da ya rage na ganuwar Kano, a je a gani, a yi wa yara bayani, kada a taɓa ko da hoge.

Ɗan'uwa, in bidiyon nan ya sake shigowa wayarka, kada ka tura shi gaba. Ka gaya wa wanda ya turo maka cewa wasa ne, kuma kada ya aika wa mai lambar nan ko sisi.