Abincin Mai Juna Biyu: Wajibcin Nafaƙa da Ma'aunin Likitoci

Gabatarwa

Malaman Usulu sun ƙidaya kiyaye rai da kiyaye zuriya a cikin manyan manufofi biyar na Shari'a. Waɗannan biyu suna haɗuwa a jikin mace mai juna biyu, domin lomar da ta kai bakinta rayuka biyu take ciyarwa. Duk da haka, a gidaje da dama ana ɗaukar abincinta a matsayin sha'anin mata da ungozoma, ko kwaɗayin da ake yi wa uzuri. Wannan maƙala tana bayyana cewa ciyar da mai ciki gwargwadon buƙatarta haƙƙi ne da Shari'a ta wajabta, kuma masana lafiya ne ake komawa gare su wajen sanin iyakar wannan buƙata.

Matsayin Nafaƙar Mai Ciki

A aya ta 14 ta Suratu Luƙman, Allah (SWT) Ya siffanta ɗaukar ciki da rauni mai ƙaruwa. A aya ta 6 ta Suratuɗ Ɗalaƙ kuma Ya umarci maza su ciyar da matan da suka saka, in suna da ciki, har su haihu. Idan wannan ne haƙƙin wadda aka saka, to wadda take ɗakinta ta fi cancanta.

Mazhabar Malikiyya ta faɗaɗa wannan. Shaihu Khalil ɗan Ishaƙ ya tabbatar a Mukhtasar cewa abincin mace yana kan mijinta bisa al'adar gari da gwargwadon halinsu, ko da mai yawan ci ce, kuma ana ƙara wa mai shayarwa abin da zai ƙarfafa ta. Haka nan, matar da nafaƙarta ta faɗi saboda bijirewa ko saboda saki ba'ini, matuƙar tana da ciki ana ci gaba da ciyar da ita saboda cikin. Ma'ana, saɓanin miji da mata ba ya shafar rabon ɗan tayi. Abin da ya rage shi ne sanin abin da ke wadatar da ita, kuma wannan fagen likitoci ne.

Abin da Jikinta Yake Buƙata

Ba ninka kwano ake nufi ba. A watanni uku na farko buƙatar kuzari ba ta ƙaruwa sosai. A na tsakiya ana ƙiyasta ƙarin kimanin kalori 340 a rana, a na ƙarshe kimanin 450. Abin da ya fi ƙaruwa shi ne buƙatar wasu sinadarai da tuwo shi kaɗai ba ya samarwa.

Na farko sinadarin ƙarfe, wato ayon, wanda jiki ke ƙera jini da shi. Jinin mai ciki yana ƙaruwa domin ya ishe ta da abin da ke cikinta, kuma idan ma'aunin himoglobin ya gaza giram 11 a kowace desilita, ana cewa tana da ƙarancin jini. Wannan yana jawo kasala da jiri, yana ƙara haɗarin haihuwar bakwaini ko jariri mai nauyi ƙasa da giram 2,500, yana kuma sa zubar jini kaɗan a wurin haihuwa ya zama barazana ga rai. Ana samun ayon a nama, kifi, wake da ganyaye irin su zogale da alayyafo. Lemo, gwaba da tumatir suna taimaka wa hanji ya tsotse shi, shayi kuwa yana tauye tsotsar, don haka ya kamata a raba lokacinsa da na abinci.

Na biyu folik asid. Bututun da ke zama ƙwaƙwalwa da lakar baya yana rufewa cikin kimanin kwana 28 da shigar ciki, lokacin da mata da yawa ba su ma san suna da shi ba. Ƙarancinsa a wannan gaɓa yana iya haifar da tawayar da ba ta gyaruwa, shi ya sa ake so a fara shan sa tun kafin ɗaukar ciki. A ƙa'idojinta na shekarar 2016, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta sha ayon miligiram 30 zuwa 60 da folik asid miligiram 0.4 kullum, ta kuma je awo aƙalla sau 8.

Sai kalsiyam, da ke cikin nono da ƙananan kifaye da ake ci da ƙashinsu, wanda wadatarsa ke rage haɗarin hawan jinin da ke kai ga jijjiga. Da aidin na gishirin da aka inganta, wanda ƙwaƙwalwar ɗan tayi ke buƙata. Da abinci mai gina jiki kamar ƙwai, gyaɗa da waken suya. Mafi yawan waɗannan suna nan a kasuwar ƙauye, wasu ma a bayan gida suke tsirowa.

Al'adun da Ke Tauye Haƙƙin

A wasu wurare ana rage wa mai ciki abinci, ko a hana ta ƙwai, don tsoron kada jariri ya yi girma haihuwa ta yi wuya. Wannan hani ba shi da tushe a Shari'a, kuma yunwa ba ta sauƙaƙa naƙuda, sai dai ta raunana mai yin ta. A wasu gidajen kuma tsokar nama ta kwanon maigida ce, mai ciki sai romo. Wanda ya fahimci ma'anar nafaƙa zai gane cewa an juya rabon.

Akwai kuma cin farar ƙasa. Khalil ya kawo zance biyu game da cin yumɓu, karhanci da hani. Likitoci kuwa sun lura cewa wannan sha'awa sau da yawa tana tare da ƙarancin ayon, kuma ƙasar kanta tana iya ɗauke da ƙwayayen tsutsar ciki. Wadda ta kamu da ita gwajin jini take buƙata fiye da faɗa.

Azumin Ramadan

Hadisin Anas ɗan Malik al-Ka'abi (RA), wanda Tirmizi da Nasa'i da Ibnu Majah suka ruwaito, ya tabbatar da rangwamen shan azumi ga mai ciki da mai shayarwa. A mashhurin zancen Malikiyya, mai ciki da ta ji tsoron cutuwa ga kanta ko ga cikinta za ta sha, ta rama daga baya, babu ciyarwa a kanta. Hanafiyya ma ramuwa kawai suka wajabta. Shafi'iyya da Hanbaliyya sun ƙara ciyarwa idan tsoron ga ɗan ne kaɗai. Idan kuwa tsoron ya kai na halaka ko cuta mai tsanani, shan azumin wajibi ne a wurin Malikiyya. Saboda haka mai ƙarancin jini, ko ciwon suga, ko yawan amai, ko wadda ta ji motsin ɗanta ya ragu, ta nemi amintaccen likita, kada kunyar kishiya ko surutun maƙwabta su yanke mata hukunci.

Kammalawa

Shari'a ta ɗora wajibcin, likitanci ya bayyana gwargwadonsa. Ya kamata malaman da ke karantar da babin nafaƙa a zaure da Islamiyyu su riƙa haɗa shi da wannan bayani, domin magidanci ya san cewa kuɗin wake da ƙwai da na motar zuwa awo suna cikin abin da za a tambaye shi a kai. Allah ne Mafi sani.